Daga Wake-wake Zuwa Labanda: Waiwaye Kan Launin Kajin Gida

A gidan Bahaushe na da, ba wanda ke zama ya tsara launin kajin da zai samu baɗi. Launi zuwa yake yi da kansa. Kaza ta fita kiwo da safe, ta bi juji da bayan danga, ta gamu da zakaran maƙwabta ko na unguwar gaba, ta dawo ta saka ƙwanta a ƙarƙashin rumbu ko cikin fasasshiyar tukunya. Bayan kwana 21 na kwanci sai ta fito da 'yan tsakinta, kowanne da kamarsa: wannan baƙi, wancan ruwan ƙasa mai zane a gadon baya, wani fari, wani kuma ba ka iya sa masa suna sai ya yi gashin girma. Uwar gida ba ta tambayar wane ne ubansu. Abin da take lissafi shi ne nawa za su tsallake shirwa, nawa za su ga bayan hunturu.

Duk da haka launi yana da aikinsa. A babban gida mai kishiyoyi da matan 'ya'ya, inda kajin kowa ke tsattsagar tsaki a tsakar gida ɗaya, da launi ake raba dukiya. Jar nan mai tukku ta Inna ce, wake-waken ta amarya ce, baƙar mai farin wuya kuwa ta yaron da kakarsa ta ba shi jari. In biyu suka yi kama har ana gudun rigima, sai a ɗaura wa ɗaya tsumma a fiffike. Launi kuma yakan raba mai tsira da wanda za a sure: farin ɗan tsako a fili shirwa tana hango shi tun daga sama, mai ruwan ƙasa kuwa da ya lafe a gindin ciyawa ya ɓace. Ba mamaki garken ƙauye ya fi yawa da ja da baƙi da ruwan ƙasa. Shirwa da shaho su ne masu tace irin. Sai kuma wata kasuwar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Bokaye da 'yan bori sukan gindaya wa mai neman biyan buƙata launin da zai kawo: farin zakara tas, ko ja, ko baƙar kaza wuluk marar sofane. Dillalin kaji ya san wanda ya zo yana ɗaga fiffike yana duba gashi ɗaya bayan ɗaya ba miya ce ta kawo shi ba, kuma ba zai tsaya dogon ciniki ba. Ke nan launi mai wuyar samu ya daɗe da tsada a wurinmu. Sai dai a da nemansa ake yi kasuwa-kasuwa. Ba wanda ya ɗauka ana iya ƙera shi.

Tunanin cewa mutum zai zana kaza a ransa, sannan ya yi ta haɗa iri har ta fito kamar yadda ya zana, a Ingila ya yi ƙarfi. A farkon ƙarni na 19 wani attajiri ɗan majalisa, Sir John Sebright, ya ƙudiri aniyar samar da 'yar ƙaramar kaza wadda kowane gashi a jikinta zai zama ruwan zinariya ko na azurfa, da siririn baƙin layi kewaye da bakinsa. Ya shafe shekaru masu yawa yana haɗawa yana tacewa, kuma har yau da sunansa ake kiran kazar. Ya samu abin da ya nema, har zakaran ma ya fito da gashi irin na mace, ba shi da doguwar wutsiya mai lanƙwasa da za ta katse zanen. Amma masu kiwonta sun san ƙwanta ba ya yawan ƙyanƙyasuwa, 'yan tsakinta kuma ba su da ƙwari. Tun daga wannan kaza aka ga yadda cinikin yake: an samu zane, an biya da ƙarfin jiki.

Abin ya fita daga hannun 'yan tsirarun attajirai a farkon shekarun 1840, lokacin da aka kawo wa Sarauniya Victoria wasu manyan kaji daga gabashin Asiya. A 1845 aka yi baje kolin kaji a Landan. A 1849 doka ta ƙara matse masu haɗa zakaru faɗa, gasar ƙarfi ta koma gasar kyau. A wannan shekarar dubban mutane suka yi cincirindo a Boston ta Amurka don kallon kaji kawai. Wani ɗan kasuwa mai wayo, George Burnham, ya aika wa Sarauniya kyautar manyan kajinsa guda tara a 1852. Jaridu suka buga hotonsu, farashin irin ya ninka kusan sau goma. Zuwa 1855 kasuwar ta faɗi warwas, Burnham ɗin da kansa ya zauna ya rubuta littafi kan tarihin wannan zazzaɓi na kaji, yana yi wa waɗanda suka zuba kuɗinsu dariya. Daga dangin waɗannan kaji Brahma ta fito, wadda yau samarinmu ke ɗaukar hoto da ita.

Zazzaɓin ya sauka, amma ya bar ƙungiyoyi da littattafai. A 1865 aka fitar da littafin farko na ma'aunin kaji a Ingila. A 1873 aka kafa ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, ta fitar da nata a 1874. Daga nan launi ya zama doka. An rubuta inda baƙi zai tsaya a gashin wuya, da irin jan da ake karɓa a kafaɗa, kuma farin gashi ɗaya a inda bai dace ba yana iya fitar da zakara daga gasa. Masu ƙera iri suka gane cewa sabon launi sabuwar kasuwa ce. William Cook na garin Orpington ya fito da baƙar kazarsa a 1886, sannan a 1894 ya biyo da mai ruwan zuma, wadda ta fi ta farkon farin jini nesa ba kusa ba. Duk wannan da ido da haƙuri aka yi shi, domin masu kiwo ba su san dokar da ke tafiyar da gadon ba.

Dokar kuwa ba ta da yawa. Launukan da ke gashin kaza, komai yawansu, daga sinadarai biyu suke fitowa: ɗaya mai ba da baƙi, ɗaya mai ba da ja zuwa rawaya. Fari rashinsu ne duka biyun. Sheƙin kore da ake gani a wutsiyar zakara yadda haske ke faɗa wa baƙin gashi ne kawai. Asalin kajin duniya, jar kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya, da waɗannan biyun take kwalliya: zakaranta wuya ruwan zinariya, ƙirji baƙi, macen kuwa ruwan ƙasa don ta saje da busasshen ganye in tana kwanci. Jan zakaran ƙauye bai yi nisa da wannan kama ba. Sauran launuka duka sun samu ne daga ƙwayoyin gado da ke yi wa sinadaran nan ɗayan abu uku: su rage musu ƙarfi, ko su hana su fita, ko su sauya musu wurin zama a kan gashi.

Wanda ya fi wahalar da masu kiwon da shi ne launin da suke kira shuɗi, toka-toka mai ɗan duhu irin na kazar Andalus ta ƙasar Sifen. Mutum zai haɗa shuɗin zakara da shuɗiyar kaza, dukansu na nunawa, sai rabin 'ya'yan kawai su fito shuɗɗa. Kashi ɗaya cikin huɗu baƙaƙe, ɗaya kashin kuma farare masu yayyafin toka. Ya yanka baƙaƙen da fararen yana zargin irin da gauraye, baɗi ya sake haɗa shuɗɗan, abin ya sake maimaituwa. Sai bayan da aka sake gano aikin Gregor Mendel kan gado a 1900, masanan jami'ar Kambirij, William Bateson da Reginald Punnett, suka warware ƙullin. Shuɗin baƙi ne da aka sirka, kamar tawadar allo in an ƙara mata ruwa. Ɗan tsakon da ya gaji ƙwayar sirkin daga ɓangare ɗaya shi ne shuɗi. Wanda ya gaje ta daga uwa da uba duka ya wanke ya koma fari mai yayyafi. Wanda bai gada ba ya zauna baƙi. Ashe waɗanda ake yankawa su ne maganin matsalar: haɗa baƙi da fari mai yayyafi, kowane ɗan tsako shuɗi zai fito.

Labanda, wanda yau ake rububinsa, hanyarsa daban. Shi ma toka-toka ne, amma mai haske, bai ɗaya daga kai har wutsiya, yana ɗan karkata ga shunayya in rana ta haska shi. Ƙwayarsa mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai ɗan tsako ya gaje ta daga ɓangarorin biyu. Wanda ya sayi zakara labanda ya sa wa baƙaƙen kajinsa, zubin farko duka baƙaƙe zai gani, har ya ɗauka an cuce shi. Alhali kowanne na ɗauke da ƙwayar a ɓoye. In ya haɗa su da juna, ɗaya cikin huɗu zai fito labanda. In ya mayar da matan ga ubansu, rabi. Daga nan labanda da labanda ba sa haifar komai sai labanda. Ƙwayar tana sirka ja kamar yadda take sirka baƙi, shi ya sa in ta hau kan kaza mai ja da baƙi sai a samu ruwan madara haɗe da toka, wanda ake kira Isabel. Mai kwaɗayin tara ɓoyayyun ƙwayoyi biyu a jiki ɗaya kuwa, ɗaya cikin 16 ne rabonsa. Ga shi irin wannan kaza takan kai wata shida ko fiye kafin ta fara ƙwai, kuma wanda ya aro launi daga wani iri dole ya yi ta mayar da 'ya'yan ga irin asali zubi bayan zubi kafin siffar jiki ta dawo daidai. Aikin shekaru ne, kuma mafi yawan abin da aka ƙyanƙyashe a hanya tukunya ce makomarsa.

Akwai kuma launukan da ke bin jinsi. A wurin tsuntsaye, saɓanin ɗan Adam, daga ɓangaren uwa ake samun abin da ke bambanta namiji da mace. Akwai wata igiyar gado da zakara ke da guda biyu, kaza kuwa ɗaya tal, wadda ta karɓa daga ubanta. Launin cakulan, wanda Dakta Clive Carefoot na Ingila ya ci karo da shi a 1994 cikin ƙananan kajinsa na Orpington, a kan wannan igiya yake. Don haka zakara kan ɗauke shi a ɓoye, kaza kuwa ba ta iyawa: ko ya bayyana a jikinta, ko ba ta da shi. Haɗa zakara cakulan da baƙar kaza, matan duka cakulan, mazan duka baƙaƙe. Juya haɗin, kowa baƙi.

Wannan lissafi bai tsaya a wurin masu sha'awa ba. Punnett da abokin aikinsa Michael Pease sun yi amfani da shi suka ƙera irin da ake gane namiji da mace tun ranar ƙyanƙyasa, suka nuna shi a Landan a 1930, kamfanoni kuma suka ga riba a ciki. Jajayen kajin ƙwai da suka cika gidajen gonarmu 'ya'yan jan zakara ne da farar kaza, an tsara haɗin yadda matan za su fito ja, mazan fari. Fararen 'yan tsakin zakaru da ake sayarwa da arha ga mai son ya yi kiwon Sallah, 'yan'uwan jajayen nan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Launi ne ya raba su tun suna kwana ɗaya a duniya.

Sai dai da kasuwa ta ƙware a lissafin launi, babban abin da ta yi da shi shi ne kawar da launin. A 1948 da 1951 aka yi gasa ta ƙasa baki ɗaya a Amurka don neman abin da suka kira kazar gobe, mai faɗin ƙirji da saurin girma. Charles Vantress na Kalifoniya ya lashe da haɗin iri biyu masu launi, gonar Arbor Acres kuma ta yi fice da fararen kajinta. Da aka haɗa zuriyar biyu, fari aka zaɓa, kuma dalilin ba ya wuce fiɗa: in an fige kaza mai duhun gashi, tsirin gashin kan bar ɗigo-ɗigon baƙi a fata, mai saye a kanti kuwa ba ya so. Cikin 'yan shekaru kazar nama ta duniya ta zama fara, tana kai kilo biyu a mako shida. Irin da aka yi ƙarni guda ana gogewa suka koma hannun tsofaffin masu sha'awa, har a 1969 aka kafa ƙungiya a Ingila don ceto waɗanda suka kusa ɓacewa.

Mu ma ta gidajen gona sauyin ya shigo mana: farare na nama, jajaye na ƙwai, dubu a ɗaki ɗaya ba ka bambanta wata da wata. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar da tata jar kazar ƙwai, Shika Brown. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karon farko da aka ga wannan nau'in nata a Afirka, ta kuma bayyana a Magariya ta Nijar cikin watan, ta sa aka ƙara kallon kazar da ke yawo sakaka a matsayin haɗari. Amma bakin mai ci bai yarda ba. Har gobe kazar Hausa ta fi tsada a kan nauyinta, kuma mai saye da launi yake gane ta. Shi ya sa masu ƙera iri suka juyo suka mayar da launin da gangan: Noiler da ire-irenta da ake kira maja, masu ja da baƙi da wake-wake, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, wadda aka yi wa rajista a 2018, aka kuma gina ta a kan jinin kajin gida.

A Amurka da Turai ta bayan gida launi ya dawo. Daga shekarun 2000 birane suka fara sassauta dokar hana kiwon kaji, irin su Madison ta jihar Wisconsin a 2004, kullen korona na 2020 da tsadar ƙwai suka ƙara wa abin wuta. Mai kaji biyar da ya sa wa kowacce suna ba ya son su zama iri ɗaya. So yake maƙwabci ya leƙo ta katanga ya tambaya. Nan zazzaɓin 1850 ya dawo da sabon suna. Ayam Cemani ta tsibirin Jawa a Indunusiya baƙa ce gashi da fata da zanko da ƙafa, har nama da ƙashi, ko da yake jininta ja ne, ƙwanta kuma fari-fari. Mutanen can sun daɗe suna nemanta don al'adun tsafi da magani, kamar yadda ake neman baƙar kaza a wurinmu. An kai ta Holan a 1998, da ta isa Amurka kuwa jaridu suka ruwaito ana sayar da guda a kan dala 2,500. Yau ana samun ɗan tsakonta da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba. Dalilin a fili yake: kaza tana ƙwai. Duk wanda ka sayar wa namiji da mace, baɗi abokin gasarka ne.

Ta wayar hannu wannan sha'awa ta iso Kano da Kaduna da Zariya da Jos. Samarin da a da tantabara ce ke cinye musu kuɗin kashewa, yanzu sun gina keji mai hawa-hawa a lungun gida ko a saman bene, suna kiwon Brahma mai gashi har yatsu, da Silkie mai laushin auduga, da Polish mai tukkun da ke rufe mata ido. A Facebook da WhatsApp ake ciniki, a tasha ake karɓar kaya. Akwai namiji da macen da kuɗinsu zai sayi akuya, akwai ƙwai ɗaya da ya fi kazar Hausa sukutum tsada. Ban ga aibu a wannan ba. Yaron da ya koyi ware iri, da rubuta ranar saka ƙwai, da lokacin riga-kafi, ya koyi sana'a, kuma ya koyi haƙuri.

Inda ake kuka shi ne wurin saye. Ƙwai ba ya faɗin ubansa, hoto kuma ana gyara shi. Kaza takan riƙe maniyyin zakara mako biyu zuwa uku, don haka mai kiwon da bai ware ta na kusan wata guda ba kafin ya fara tara ƙwai, zai sayar maka da 'ya'yan wani zakaran ko da bai yi niyyar cuta ba. Ƙwan da ya sha girgiza a mota daga Ibadan ko Legas, ya kwana a rana a tasha, sannan ya shiga injin da wuta ke ɗaukewa, in rabinsa ya fashe an yi sa'a. Gashin ɗan tsako kuma ba shi ne na girma ba. Ana sayar da shuɗi da sunan labanda, alhali tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama: nuna mini iyayen da sauran 'yan'uwan. In akwai baƙaƙe da farare masu yayyafi a cikinsu, shuɗi ne. Sannan sabuwar kaza ba launi kaɗai take shigowa da shi ba. Wanda bai killace ta makonni ba kafin ya haɗa ta da na gida, bai kuma yi riga-kafin annobar hunturu da ake samu daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ba, yana iya wayar gari da akurki babu mai motsi.

Ko an yi sayen gaskiya, akwai bashin da launi ke ɗora wa iri. Launi mai wuyar samu daga kaji ƙalilan yake farawa, wani lokaci daga zakara ɗaya, kuma hanyar kama shi ita ce uba da 'ya, wa da ƙanwa. Zubi biyu ko uku ba a ganin komai. Daga nan sai ƙwai ya fara ƙin fashewa, jiki ya ƙanƙance, yatsu su karkace, ƙaramar mura ta kwantar da garke. Labanda yakan zo da gashi mai tsagewa, musamman a wutsiya da fiffike, shi ya sa gwanaye ke komawa ga baƙi lokaci-lokaci, su haƙura da zubi guda marar launin don su gyara gashin. Kaza mai murɗaɗɗen gashi in aka haɗa ta da irinta, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan sukan fito da gashi mai karyewa, su zauna kusan tsirara. A wasu gajerun kaji irin na Japan kuwa, ɗan tsakon da ya gaji gajartar ƙafa daga ɓangarorin biyu a cikin ƙwai yake mutuwa. Mai kiwon da idonsa ke kan launi kaɗai yakan bar zakara mai rauni ya zama uban garke, ya yanka ƙaƙƙarfan saboda farin gashi ɗaya.

Sai kuma rana. An goge Brahma ne a arewa maso gabashin Amurka, inda ƙanƙara ke sauka, gashinta mai kauri da ɗan ƙaramin zankonta duk na tsare ɗumi ne. Kaza ba ta gumi. Da haki da zanko da buɗe fukafukai take fitar da zafi. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da ma'auni ke haura 40, kazar da aka saya da kuɗin akuya sai da fanka da ruwan sanyi. A gefenta kuwa ga kaza mai sanƙon wuya, wadda yara ke yi wa dariya, tana tonon ƙasa da tsakar rana ba abin da ya dame ta, domin ƙwayar da ta hana mata gashin wuya ta rage mata na sauran jiki, zafi yana fita. Irin wannan kaza, da mai murɗaɗɗen gashi, duka suna da gurbinsu a baje kolin Turai, ana ba su lambar yabo. Mu a wurinmu kyauta suke zuwa, shi ya sa ba mu ɗauke su a bakin komai ba.

In an waiwaya, abin da ake gani shi ne wahalar samun launi ba ta daɗewa. Shuɗi ya yi tashe ya zama gama-gari, cakulan ya bi, labanda yana kan hanya. Abin da ke ƙaranci a hankali, ba tare da an sa masa farashi ba, shi ne garken ƙauye da kansa. Zakaran maja ɗaya da aka saka a unguwa ya fi na gida girma, shi zai mamaye kajin, 'ya'yansa su fi nama, amma a hankali a rasa kazar da ke kwanci, mai yi wa shirwa tsaye, mai neman gara da kanta. Kajin gidan gona an riga an cire musu son kwanci, domin mai kwanci ba ta ƙwai. Ga shi kuwa mai Brahma da wuta ta ci amanarsa, wurin kazar Hausa yake komawa, ya sa mata ƙwai masu tsada kamar yadda kakanninsa ke sa mata na zabbi. Launi in ya ɓace ana iya dawo da shi da ƙwaya ɗaya cikin 'yan shekaru. Juriyar zafi da cuta da iya renon 'ya'ya kuwa ba ƙwaya ɗaya ba ce. Tarin ƙwayoyi ne da aka yi ƙarnoni ana tacewa, in suka watse ba mai lissafin tara su.

Saboda haka ba cewa nake a daina son kyau ba. Abin da samarin nan suka koya a kan kajin waje, na ware iri da ajiye rubutu da sanin mai rinjaye da mai ɓuya, shi ne ainihin abin da kazar gida ba ta taɓa samu ba. Shuɗi da wake-wake da ruwan zuma da baƙi mai sheƙi duk ana cin karo da su a kasuwar ƙauye, a jikin kajin da suka riga suka saba da ranarmu. Wanda zai bi kasuwanni ya tsinto su daga garuruwa daban-daban don kada jini ya yi kusa, ya fara zaɓen lafiya da girma da iya kwanci, sannan ya bi launi a ƙarshe, zai ɗauki shekaru kafin ya ga garke mai kama ɗaya. Sebright ma shekaru ya ɗauka, kuma shi bai san lissafin da ɗan sakandare ya sani yau ba. Kasuwar Brahma za ta sauka kamar yadda ta sauka a 1855, domin kowa zai samu. Ranar nan, mai abin sayarwa shi ne wanda ke da irin da babu shi a kejin kowa, wanda kuma matar ƙauye za ta iya saye ta sake shi a tsakar gida ya rayu ba fanka ba inji.